Basilla da Waya

Ni baduku ne a Marwa, rumfata na bayan babbar kasuwa,
inda warin jima ke gaishe ka kafin ka yi sallama.
Shekara talatin ina jiran mai saye
ya zo da ƙafarsa, ya gwada takalmi a ƙafarsa.
Sai Azumi, 'yata, ta dawo daga makaranta,
ta ce, Baba, kasuwa ta tashi, ta koma cikin waya.

Ta jera jakunkuna a inuwar darbejiya,
ta ɗauki hotonsu kamar masu neman katin shaida,
ta watsa a Wasaf.
Kafin la'asar wata mata a Yawunde,
da ban san ko doguwa ce ko gajera ba,
ta ce a ɗinka mata shida.
Kuɗi suka shigo da ƙara ɗaya, ƙit,
babu neman canji, babu “bari in zaga in dawo.”
Na kai kaya tasha a bayan babur
ina dariya ni kaɗai, yaron yana ta waiwaye.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, wayar ta yi mini rana.
Ita ta rufa mini kwano kafin damina.
Ƙanena Barau da ke gadi a Duwala,
wanda sai Sallah muke jin muryarsa,
yanzu har tarinsa ina ji da asuba.
Na koyi wata saƙar igiya a bidiyo
daga mutumin da ban san yarensa ba.
Yatsunsa kawai na gani,
su kuwa yatsu ba sa neman tafinta.

Amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi.
Wani a Fesbuk ya kwashe hotunan kayana,
har da tabarmata, har da babban yatsan ƙafata a gefe,
ya sa sunansa, ya karɓi kuɗin mutane, ya yi layar zana.
Ni aka kira ɓarawo, da Faransanci, sau goma sha ɗaya.
Wata rana murya mai ladabi ta kira:
an yi kuskure, Alhaji, karanto mana lambobin da suka shigo.
Ban taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya yi mini daɗi.
Na karanto.
Sefa dubu arba'in da biyar, kuɗin fata da bagaruwa.
Azumi ba ta yi faɗa ba.
Shirunta ya fi basilla shiga nama.

In an ɗauke wuta kwana biyu
kasuwata kan mutu a aljihu, baƙa ƙirin,
in bi gida gida da caja a hannu
kamar yadda uwata kan aike ni ɗiban garwashi.
Data kuma gishiri ce a ruwa.
Masu “nawa ne?” ɗari, har ƙarfe biyun dare,
mai saye ɗaya.

Duk wannan na yafe.
Abin da ya tsaya mini a wuya
shi ne rasuwar Goggo Dudu a Mokolo.
A waya na gani, ina cin ƙosai,
tsakanin tallan atamfa da bidiyon akuya mai rawa.
A da mutum ake aikowa,
ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi gida da aiki,
har zuciyarka ta gane kafin bakinsa ya faɗa.

Jiya Malam Jibo ya zo da ƙafarsa.
Ya gwada takalmi uku, ya kushe biyu,
ya taya na ukun da kuɗin da ba ya sayen ko igiyarsa,
muka yi awa guda muna albarka, albarka.
Bai saya ba.
Na kife wayar a kan kirgi, tana ta gurnani.
Ya ce, Tanimu, ana kiranka.
Na ce, bar ta, ai ba ta da ƙafa.

Yana shan kwana na ɗauka da sauri.
Matar Yawunde ce.
Tana son guda goma.